Allurar Ciwon Daji Na Nono Da Naman Zuciya

A ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, idan mace ta ga kumburi a nono, galibi sai ya daɗe ana fama da shi a gida kafin a kai ta asibiti. Wadda Allah Ya taimaka aka kai ta Shika a Zariya, ko Katsina, ko Kano, aka tabbata ciwon daji ne, sai a sa mata allurar da likitoci ke kira kemo. Muna so mu faɗakar da malamai da akawuna a kan wani abu da ke biyo bayan wannan allura, domin su ne ake kai wa takardar asibiti su karanta wa dangi.

Cikin magungunan kemo akwai wani ja wur, sunansa Adriamycin, wanda masana a Italiya suka samo daga ƙwayoyin halitta na cikin ƙasa, aka bayyana shi a 1969. Yana kashe ƙwayoyin daji sosai, amma yana taɓa naman zuciya, shi kuwa naman zuciya in ya lalace ba ya tohowa kamar gashin kai da kemo ke zubarwa. Ɓarnar tana taruwa ne allura bisa allura. Likita yakan auna maganin bisa ga tsawon mace da nauyinta, yawanci miligiram 60 ga kowace murabba'in mita ta jiki, sau huɗu, mako uku tsakani, jimla 240. Wani bincike a Amurka a 2003 ya nuna idan jimlar ta kai 400, biyar cikin ɗari zuciyarsu takan gaza, idan ta kai 550 sai adadin ya haura ashirin da biyar. Akwai kuma Herceptin, wanda aka amince da amfani da shi a 1998. Shi ma yakan raunana zuciya, sai dai sau da yawa takan farfaɗo in an dakatar da shi.

Abin da ya fi damun mu ya shafi ƙasarmu. Tun shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello suka lura ciwon zuciya na bayan haihuwa ya yawaita ga matan Hausa ƙwarai. A lokacin an ɗora laifin a kan wankan jego da kunun kanwa, ko da yake binciken da aka yi daga baya a Kano ya sa shakka a kan haka. Ko mene ne dalili, mace mai 'ya'ya bakwai tana iya zuwa Shika da zuciyar da ta riga ta gaji, ba wanda ya sani. Haka mai hawan jini da mai ciwon sukari. Saboda haka ya wajaba a yi hoton zuciya, watau eko, kafin allurar farko, a kuma gaya wa likita in ƙafafunta sun taɓa kumbura bayan haihuwa.

Kada a ce mun hana kemo. Dajin da aka ƙyale ya fi kisa nesa ba kusa ba. A birnin Milan an bi mutum 2,625 da suka sha irin wannan magani, rahoton 2015 ya nuna tara cikin ɗari ne zuciyarsu ta raunana, kusan dukansu cikin shekarar farko, kuma yawancin waɗanda aka fara wa maganin zuciya da wuri sun sami sauƙi.

To, shekarar farkon nan ita ce matanmu suka fi ɓacewa likita. Kuɗi ya ƙare, hanyar Funtuwa ba kullum take da aminci ba, ciwon kuma ya lafa. Idan mace ta fara haki daga ɗaukar tulu, ko ba ta iya kwanciya sai an tara mata matasan kai, ko ƙafa ta kumbura, a mai da ita asibiti, kada a ce gajiya ce. Malamin da ke kusa ya rubuta sunan maganin, da jimlar da aka ba ta, da ranar allurar ƙarshe, a ajiye tare da katinta, don likitan Funtuwa ko Malumfashi ya gani.