Ba duk majami'ar ƙauye ce ta Sarki ba

Idan ana hirar Ingila, akan ji wani ya ce ai addinin ƙasar a hannun Sarki yake, kowace majami'a ta ƙauye reshe ce ta Cocin Ingila. Mai faɗin haka yana da madogara. A dokance Sarki ne shugaban wannan coci, kuma ƙasar a rarrabe take gunduma-gunduma, kowace da cocinta. Sai dai akwai waɗansu ƙananan ɗakunan ibada na jan bulo, marasa hasumiya, waɗanda wannan bayani bai shafe su ba.

Englesea Brook ɗan ƙauye ne a yankin Cheshire, kusa da garin Crewe, gidaje ƙalilan a tsakiyar gonaki. Majami'arsa an gina ta a 1828, kuma 'yan ɗarikar Metodis na Asali ne suka gina ta. Jagororinsu su ne Hugh Bourne, kafinta mai ƙera ƙafafun amalanke, da William Clowes, maginin tukwane. Ranar 31 ga Mayu, 1807, suka yi taron wa'azi na yini guda a fili, bisa tudun Mow Cop. Manyan Metodis suka ga abin ya yi hayaniya da yawa, suka kori Bourne a 1808. Su kansu Metodis ɗin sun rabu da Cocin Ingila bayan rasuwar jagoransu John Wesley a 1791. Ke nan mutanen Englesea Brook nesa suke da Sarki hawa biyu.

Irin waɗannan majami'u, 'yan ƙodagon gona da masu haƙar gawayi ne suka tara kwabo-kwabo suka gina abinsu. Masu wa'azinsu galibi daga cikinsu suke, har da mata, abin da babban coci bai yarda da shi ba a lokacin. Kuma kada a ɗauka 'yan tsiraru ne: ƙidayar 1851 ta nuna kusan rabin masu zuwa ibada ba Cocin Ingila suke zuwa ba. Duk da haka, sai a 1880 doka ta bar limamansu su yi jana'iza a maƙabartar gunduma. Bourne, wanda ya rasu a 1852, a Englesea Brook aka binne shi.

Uzurin mai waccan magana shi ne abin da ido ke gani yau. Ɗarikun Metodis sun haɗe a 1932, majami'u da dama sun rufe, wasu an mai da su gidajen zama. Ta Englesea Brook yanzu gidan tarihin ɗarikar Metodis na Asali ce.