Kuɗin Gwamnatin Tarayya a Makarantar Firamare: Yadda Suke Zuwa da Yadda Ake Bin Sawunsu

Duk wanda ya ratsa unguwannin Suleja da sassafe zai ga yara rututu, kowa da jakarsa, sun nufi makaranta. Garin ya cika ya batse tun bayan da aka mayar da hedkwatar ƙasa Abuja a ranar 12 ga Disamba 1991, domin da yawa daga cikin masu neman abinci a Abuja a Suleja da Madalla suke kwana, a nan kuma 'ya'yansu ke karatu. Idan aji ya cika, benci ya kasa, sai a ji iyaye suna tambaya ina kuɗin da ake cewa Gwamnatin Tarayya tana bayarwa. Tambayar tana bisa hanya, kuma ya kamata kowane uba da kowace uwa su san amsarta.

Asalin al'amarin

A watan Satumba 1976, shekarar da aka kafa Jihar Neja, Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da UPE. Ta ɗauki nauyin gina azuzuwa da horar da malamai, tana kuma aika wa jihohi kuɗin gudanarwa. An yi zaton yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga kimanin miliyan 3 sun hallara. Azuzuwa suka kasa, aka ɗebi malamai cikin gaggawa. Da kuɗin man fetur suka ja baya a farkon shekarun 1980, nauyin ya koma wuyan jihohi da ƙananan hukumomi, malamai suka riƙa shafe watanni ba albashi. An kafa hukumar ilmin firamare ta ƙasa a 1988, aka rushe ta a 1991, aka sake maido ta a 1993.

Wannan faɗi-tashi ne ya sa da Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya, watau UBE, a Sakkwato ranar 30 ga Satumba 1999, aka ga wajibi ne a ɗaure shi da doka. Dokar ta fito a 2004. Ta ce karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne.

Yadda kuɗin ke tafiya

Dokar ta umarci Gwamnatin Tarayya ta ware abin da bai gaza kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shigarta ba domin wannan aiki. Kuɗin suna shiga hannun Hukumar Ilmin Bai-ɗaya ta Ƙasa, UBEC, a Abuja. Wani sashe yana tafiya wajen sayen littattafai da sake horar da malamai da kula da yara masu nakasa. Kaso mafi tsoka kuwa na gine-gine ne da kayan aiki, ana kuma raba shi daidai wa daida tsakanin jihohi 36 da Birnin Tarayya.

Amma akwai sharaɗi, kuma a nan ne mutane da yawa ba su fahimci tsarin ba. Jiha ba ta taɓa wannan kaso sai ta fara ajiye nata kuɗin daidai da shi. Idan Tarayya za ta ba da naira ɗaya, sai jiha ta zuba naira ɗaya a asusu na musamman, ta kawo tsarin ayyukan da za ta yi, makaranta kaza azuzuwa kaza, rijiya kaza, ta kuma yi bayanin yadda ta kashe abin da ta karɓa a baya. Hikimar abin ita ce, wanda ya sa guminsa a gona ba ya barin ta ga awaki. Illarsa kuwa a bayyane take: jihar da ta yi jinkirin kawo nata, rabonta yana nan kwance a Abuja, yaranta kuma suna zaune a ƙasa. An sha samun biliyoyin naira da jihohi daban-daban suka bari a haka shekara da shekaru.

Ga makarantar da ke Suleja, hanyar ita ce daga Abuja zuwa Hukumar Ilmin Bai-ɗaya ta Jihar Neja da ke Minna, wadda ke ba da kwangila, sannan Hukumar Ilmi ta Ƙaramar Hukumar Suleja ta sa ido a kan aikin. Ko da yake tsakanin Suleja da Abuja tafiya ce ta ɗan lokaci, sai kuɗin sun zaga ta Minna tukuna. Galibi akan rubuta sunan hukumomin da shekarar aikin a jikin bangon ginin, don kowa ya gani.

Wajibi ne kuma a sani cewa albashin malaman firamare ba daga wannan kaso yake fitowa ba. Wannan nauyi ne na ƙananan hukumomi da jiha. Saboda haka ana iya ganin sabon gini mai fenti a makarantar da ke fama da ƙarancin malamai.

Ma'aunin aiki

Bulo da kwano ba su ne ilmi ba. Abin da ake nema a ƙarshe shi ne yaro ya iya karatu da rubutu da lissafi, kuma akwai matakan da aka tanada don auna haka.

Manufar Ilmi ta Ƙasa, wadda aka fara bugawa a 1977, ta kawo tsarin auna ƙoƙarin ɗalibi a kai a kai, maimakon a jira jarrabawa guda ta ƙarshen shekara. Malami yana rubuta sakamakon gwaje-gwaje da aikin gida cikin rajista, uba kuma yana da ikon ya nemi a nuna masa. Manufar ta ce malami ɗaya ya riƙe yara 35 a ajin firamare, kuma takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa. Kowace shekara ana ƙidayar makarantu, a rubuta yawan yara da malamai da azuzuwa. Hedimastan da ya ƙara adadi don a ga makarantarsa ta cika, ko ya yi sakaci da cika takardar, ya ɓata lissafin da za a yi rabon littattafai da shi. Sufetocin ilmi, waɗanda yanzu ake kira jami'an tabbatar da inganci, suna zagayawa su duba rajistar zuwan malamai da littafin shirya darasi, su kuma zauna a aji su saurara.

Sai dai sufeto baƙo ne, yini guda yake yi ya tafi. Wannan ne ya sa aka kafa kwamitin gudanar da makaranta na al'umma, wanda ya ƙunshi hedimasta da wakilin mai unguwa ko hakimi, da wakilan malamai da iyaye da mata da malaman addini da tsofaffin ɗalibai, har da wakilan yaran kansu. Su ne ke ganin ɗan kwangila ran da ya rage siminti, su ne kuma suka san malamin da ba ya zuwa sai ran biyan albashi. Sa hannun masu gari cikin sha'anin makaranta ba baƙon abu ba ne a Suleja. Marigayi Sarki Sulaimanu Barau, wanda garin ya ci sunansa, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, kuma malamin makaranta ne kafin ya hau gadon sarauta a 1944.

Abin da doka ta ɗora wa kowa

Dokar 2004 ta haramta karɓar kuɗin makaranta a firamaren gwamnati. Wanda aka kama da laifin haka ana iya cin sa tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba, ko ɗaurin wata uku, ko duka biyu. Iyaye ma ba su tsira ba. Wanda ya hana ɗansa zuwa makaranta, a karon farko za a ja masa kunne, a karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, daga nan kuma naira 5,000 ko wata biyu.

Uban da ya ga ɗansa ya kai aji huɗu bai iya haɗa baƙi ba, ko ya ga gini ya tsage tun kafin damina ta zagayo, sai ya fara da hedimasta. In bai gamsu ba, ya kai maganar gaban kwamitin makaranta, a rubuta ta cikin littafin taro. Daga nan sai ofishin Sakataren Ilmi na ƙaramar hukuma, sannan hukumar jiha a Minna. Ya riƙe sunan makarantar, da shekarar da aka rubuta a jikin bangon, da kwafin takardar kokensa.