Awon Jini Don Neman Garkuwar Korona: Abin Da Yake Nunawa Da Abin Da Ba Ya Nunawa

A tarurrukan ƙungiyoyinmu mun sha jin wannan tambaya: "Na yi ciwon korona na warke, ko kuwa an yi mini allurar rigakafi. An ce akwai awon jini da zai nuna ko jikina ya sami garkuwa. In biya kuɗi a yi mini?" Tambayar tana da nauyi, gama kuɗin manomi da gumi yake samunsa, lafiyar tsofaffinmu kuma ba abin wasa ba ce. Saboda haka bari mu bi maganar daki-daki.

Tunawa da cutar

An fara ganin wannan cuta a birnin Wuhan na ƙasar Sin a watan Disamba 2019. Ta shigo Nijeriya ta Legas a ƙarshen Fabrairu 2020, ta shiga Nijar a watan Maris na wannan shekara. Allurar rigakafi ta farko ta sauka Abuja ran 2 ga Maris 2021, wajen miliyan huɗu, irin ta AstraZeneca. Ran 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce lokacin gaggawa ya wuce. Amma ƙwayar cutar ba ta ƙare ba, tana nan tana yawo cikin mutane.

Mene ne ake nema cikin jinin?

Sa'ad da ƙwayar cuta ta shiga jikin mutum, waɗansu fararen ƙwayoyin jini sukan ƙera makamai ƙanana ƙwarai daidai da siffarta. Makaman sukan manne mata, su hana ta shiga naman jiki. Likitoci suna kiransu antibodi, mu kuwa a nan za mu ce da su makaman garkuwa. Kowace cuta da nata makaman. Na ƙyanda ba su yi wa korona kome, na korona kuma ba su yi wa ƙyanda kome.

Jiki ba ya ƙera su rana ɗaya. Yakan ɗauki mako ɗaya zuwa uku bayan kamuwa kafin a iya ganinsu cikin jini. Akwai irin da ake kira IgM, wanda ba ya daɗewa, da irin da ake kira IgG, wanda yakan yi watanni. Allurar rigakafi ita ma tana sa jiki ya ƙera makaman nan, ba sai mutum ya kwanta ciwo ba.

Awon kashi biyu ne. Akwai wanda ake huda yatsa a ɗiga jini a kan ɗan allon roba, kamar yadda ake awon zazzaɓin cizon sauro, a sami amsa cikin kamar minti 15. Akwai kuma wanda ake jan jini daga jijiyar hannu a kai ɗakin gwaji. Na biyun ya fi aminci, yana kuma iya faɗin yawan makaman.

Awon nan ba na mai ciwo a yau ba ne

Sai mu lura da wannan ƙwarai. Awon jini yana ganin sawu ne, ba ya ganin dabbar da ta taka. Mutum yana iya kwanciya da korona kwana uku, a auna jininsa a ce babu kome, domin jiki bai riga ya ƙera makaman ba. Wani kuma yana fama da zazzaɓin cizon sauro, a auna a ce akwai, alhali kuwa sawun ciwon bara ne. Idan aka dogara da wannan, sai a yi jinyar abin da ba shi ne ba.

Mai tari da zazzaɓi da wuyar numfashi, awon hanci ne nasa, wato wanda ake sa ɗan tsinke mai auduga cikin hanci a nemi ƙwayar cutar kanta. Kada a ɓata lokaci da kuɗi a kan awon jini, a kai shi asibiti.

Ko yana iya raba ciwo da allura?

Wani lokaci yana iyawa. Ƙwayar korona tana da ƙayoyi a bayanta, tana kuma da wani abu a cikinta da ke naɗe da irinta. Allurar AstraZeneca da Pfizer da Moderna da Johnson & Johnson suna koya wa jiki sanin ƙayar kaɗai. Wanda ya yi ciwon kuwa, jikinsa ya sadu da ƙayar da abin cikin duka.

To, idan awon da aka yi wa mutum na neman makaman abin ciki ne, shi kuwa allura kaɗai aka yi masa, amsa za ta fito babu. Sai ya ce allurar ba ta kama ba, alhali ta kama. Awon ne bai dace da tambayarsa ba. Allurar Sinopharm da Sinovac dabam suke, gama da dukan ƙwayar cutar da aka kashe ake yinsu, don haka suna iya jawo makamai iri biyun.

Idan aka ce akwai, na tsira ke nan?

A'a. Ga dalilai huɗu:

1. Ba a tsai da wani adadi ba wanda za a ce duk mai wannan yawan makamai ba zai kamu ba. Domin wannan ne hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ja kunne a watan Mayu 2021, kada a yi amfani da awon nan don auna garkuwa bayan allura. Tun a watan Afrilu 2020 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana a ɗauke shi kamar takardar shaidar tsira.

2. Makaman sukan ragu da wucewar watanni. Amsar da aka samu da kaka ba lalle ta tsaya har bazara ba.

3. Ƙwayar korona tana sāke kama. Irin da ake kira Omikuron, wanda aka ba da labarinsa daga Afirka ta Kudu a watan Nuwamba 2021, ya kama mutane da yawa waɗanda suka riga suka yi ciwon ko aka yi musu allura.

4. Awon yana iya kuskure. A Nijeriya an gwada jinin da aka ajiye tun kafin korona ta zo, sai waɗansu suka nuna akwai. Masu binciken sun ga kuskuren yana tafiya tare da makaman zazzaɓin cizon sauro. Wa ke cikinmu da bai taɓa yin wannan zazzaɓi ba?

Idan aka ce babu fa?

Wannan ma ba dalilin tsoro ba ne. Ban da makaman nan, jiki yana da fararen ƙwayoyi masu tuna cuta. Ko makaman sun ragu, idan ƙwayar ta komo sukan tashi su ƙera sababbi da sauri, waɗansu kuma su kashe wurin da cutar ta shiga. Su ne suke taimako wajen hana ciwon yin tsanani. Awon jinin da muke magana a kai ba ya ganinsu. Sai dai mai ciwon da ke raunana jiki, kamar ƙanjamau wanda ba a shan magani, ko mai jinyar ciwon daji, jikinsa yana iya kasa yin garkuwa sosai. Irin wannan mutum likitansa ne zai ba shi shawara.

To, ina amfaninsa?

Masu shanu a cikinmu za su gane wannan da sauri. Lokacin yaƙi da ciwon bushiya, likitocin dabbobi sukan yi wa shanu allura su tsaga musu kunne. Daga baya sukan ja jinin waɗansu shanu daga garke dabam dabam, su ga kashi nawa ne suka sami garkuwa, su san inda aikin bai kai ba. Da taimakon wannan aka kawar da bushiya daga duniya, aka yi shelar haka a 2011. Amma allurar bushiya ɗaya takan tsare saniya muddin ranta. Korona ba haka take ba, shi ya sa ba za a iya yi wa mutum shaida sau ɗaya a ce an gama ba.

Inda awon ya yi aiki sosai shi ne wajen ƙidayar jama'a. A watannin Satumba da Oktoba 2020 hukumomin lafiya na Nijeriya suka auna jinin mutane gida gida a jihohi huɗu. Aka sami makaman a jinin kashi 23 cikin 100 a Legas da Inugu, 19 a Nasarawa, 9 a Gombe. A watan Afrilu 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen kashi 65 cikin 100 na mutanen Afirka sun riga sun kamu zuwa Satumba 2021, wato ninki 97 na waɗanda aka rubuta. Da yawa ba su ma san sun yi ba. Wannan ya nuna mana cewa idan aka auna mu a yau, yawancinmu amsa za ta ce akwai, ba kuwa za ta gaya wa kowa sabon abu ba.

Likita kuma yana iya neman awon don kansa, misali ga yaron da ya zo da zazzaɓi da kumburi makonni bayan korona ta bi gidansu, domin ya san tushen ciwon.

Shawararmu ga ƙungiyoyi

Kada a fitar da kuɗin asusun ƙungiya don a yi wa 'yan ƙungiya wannan awo. Idan wani ya zo kasuwa ko ƙauye yana sayar da shi da alkawarin zai nuna wanda ya tsira, a tambaye shi daga wane asibiti ya fito, a kuma sanar da ma'aikacin lafiya na yankin. Kada a hana kowa zuwa taro ko aikin gayya saboda amsar awon, kada kuma wani ya ƙi allura domin an ce jininsa yana da makamai.

Tsofaffi, da masu ciwon sukari, da masu hawan jini, da mata masu ciki, su ne korona ta fi wahalshe su. Su je asibitin da ke kusa su tambaya ko lokacin ƙarin allura ya yi. Mai mura da tari ya ɗan nisanci tsofaffin gida har ya warke, a buɗe tagogi, a riƙa wanke hannu da sabulu. Muna roƙon magatakardan kowace ƙungiya ya karanta wannan a taro mai zuwa, domin waɗanda ba su karatu su ma su ji.