"Ciwon Ciki" a Bakin Majinyaci da Kunnen Likita

1.0 Gabatarwa

Kalmar "ciki" tana daga kalmomin Hausa masu ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya. Takan nufi sashen jiki da ke tsakanin ƙirji da mara, takan kuma nufi juna biyu. Saboda haka idan majinyaci ya ce "cikina ke ciwo", bai riga ya faɗi cutarsa ba, ƙofa kawai ya nuna. Manufar wannan maƙala ita ce nuna yadda likita ke bi ta kan kalmomin majinyaci har ya kai ga gane cuta, da kuma haɗarin da ke tattare da rashin fahimtar su.

2.0 Tambaya Kafin Taɓawa

Hausa ba ta da talaucin kalmomi a wannan fage. Murɗa daban take da zafi, zafi kuma daban yake da suka ko kumburi. Murɗar da ke zuwa tana lafawa takan nuna hanji, musamman idan ta haɗu da zawo, ko da atuni mai jini da majina. Zafi a ƙahon zuciya mai alaƙa da cin abinci ko yunwa yakan sa a yi zaton gyambon ciki. Ciwon da ya taso daga kwiɓi ya gangara mara kuwa, ƙoda ake fara tuhuma.

Tafiyar ciwo ma shaida ce. Ciwon apendis yakan fara a kewayen cibiya, bayan wasu sa'o'i ya koma ƙasan ciki ta hannun dama, wurin da likitan Amurka Charles McBurney ya siffanta a 1889. Majinyacin da aka tambaya "ina ke ciwo?" kaɗai zai nuna inda ciwon yake yanzu. Sai an ce masa "a ina ya fara?" sannan labarin ya cika.

Wuri mafi wuya shi ne inda kunya ta shigo. Mace takan ce ciwon mara take yi, ta yi shiru game da ɓatan wata, balle idan suruka ce ta rako ta. Alhali cikin da ya zauna a wajen mahaifa yana iya fashewa ya zubar da jini ta ciki har ya yi ajalinta. Tafintan da ya juya maganarta zuwa Ingilishi kalma da kalma, kamar yadda ake yi a asibitocin da ke nesa da ƙasar Hausa, ba zai kama wannan shirun ba.

Bayan tambaya sai dubawa. Likita kan kalli cikin, ya saurari motsin hanji, ya ƙwanƙwasa, ya latsa a hankali yana farawa daga inda babu ciwo, ya kuma laluba hanta da saifa. Cikin da ya ƙage ya yi tauri kamar allo alama ce ta cewa wani abu ya fashe, kuma aikin tiyata ne na gaggawa.

3.0 Zazzaɓi da Taifot

A bakin jama'a, duk zazzaɓin da ya daɗe ya zama "maleriya da taifot", kamar dai tagwaye ne. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a gwada jini kafin a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro. Taifot kuwa yawanci da gwajin Widal ake yanke masa hukunci, gwajin da wani likitan Faransa ya fito da shi a 1896. Rauninsa shi ne yakan nuna cutar a jinin wanda ya taɓa yin ta a da, ko wanda wani zazzaɓin dabam ke damu. Hanyar da ta fi inganci ita ce renon ƙwayar cutar daga jini a ɗakin gwaji, sai dai tana ɗaukar kwanaki.

Illar wannan ruɗani biyu ce. Wanda ba shi da taifot yakan yi ta shan magani a banza, ƙwayoyin cuta suna koyon bijire masa. Mai taifot na gaskiya kuma, idan aka yi sakaci, cutar kan huda masa ƙaramin hanji, galibi a mako na uku, lokacin da iyalinsa ke cewa ai ciwon ciki ne kawai ya ƙaru a kan zazzaɓin.