Argungu da Bikin Kamun Kifi

Jama'a, yau karatunmu a kan Argungu ne. Garin yana bakin Gulbin Rima, arewa maso gabas da Birnin Kebbi. Mutanensa Kabawa ne. Sana'arsu noman shinkafa a fadama da su, watau kamun kifi.

Bari mu fara da tarihi. Muhammadu Kanta shi ya kafa mulkin Kabi, yau shekara 500 ke nan ko fiye. Birninsa Surame. Daga baya sarauta ta koma Birnin Kebbi. A shekarar 1805 mayaƙan jihadi suka ci Birnin Kebbi. Sarakunan Kabi suka fita, a ƙarshe suka zauna Argungu. Tun daga nan aka yi ta yaƙi tsakanin Kabawa da Sakkwato da Gwandu, shekara da shekaru. Gonaki suka lalace, mutane suka halaka.

A shekarar 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu. Kabawa suka yi murna ƙwarai. Suka shirya masa babban su don girmamawa. Wannan shi ne mafarin bikin da muka sani. Ashe bikin nan ɗan zaman lafiya ne.

Ga yadda ake yinsa. Akwai wani ruwa, sunansa Matan Fada. Mai kula da shi Sarkin Ruwa ne, ba mai shiga sai da izininsa. Ran biki masunta dubbai su jeru a bakin ruwa. Kowa da homarsa da gorarsa. Homa ita ce ragar hannu. Gora kuwa a kanta masunci ke iyo, a cikinta yake zuba kifi. Da an ba da alama, sai su ruga su faɗa ruwa gaba ɗaya, makaɗa na kiɗa cikin jirage. Wanda ya kamo kifi mafi nauyi shi ya ci. Galibi giwan ruwa ne. Ana kuma tseren jirgi, da kamun agwagwa, da kokawa, da dambe.

Baƙo ba ya barin Argungu bai ga Gidan Tarihi na Kanta ba. Tsohuwar fadar sarki ce. A ciki akwai masu, da takubba, da tambura na kakanni.

A shekarar 1991 aka yi Jihar Kebbi, hedkwatarta Birnin Kebbi. A 2016 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa bikin cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Amma bayan 2009 an yi shekara goma ba a yi shi ba, sai a 2020 aka koma.

To, me za mu koya? Don me ake samun manyan kifi a Matan Fada? Don ana hana su a wurin, kifi ya huta ya girma. Mu ma muna da tafkuna da gulabe. In muka zuba magani a ruwa, ko muka sa raga mai ƙananan ido, sai mu kashe kifi har da 'ya'yansa. Baɗi me za mu kama? Mu bi dokar ruwa, mu zauna lafiya da maƙwabta, 'ya'yanmu su tarar da abin da muka tarar.

Tambayoyi
1. Wa ya kafa mulkin Kabi?
2. Wa ya ziyarci Argungu a 1934?
3. Don me ake hana su a Matan Fada?