Ɗaukewar al'ada: Abin da ya kamata matan Rogo da Karaye su sani

A garuruwa irin su Rogo Ruma da Karaye, mace kan haura shekara 45 tana fama da zafin jiki da gumin dare, ga bushewar gaba da zafi lokacin kwanciyar aure, amma kunya ta hana ta faɗa wa ko da mijinta. Wata ta ɗora laifin a kan ciwon sanyi, wata kuma ta zargi sammun kishiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa yawancin mata kan daina al'ada tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma ana tabbatar da hakan ne idan mace ta yi wata 12 a jere ba ta ga jini ba. Kafin cikar wannan wa'adi, tana iya ɗaukar ciki ko da al'adarta ta rikice.

Musabbabin sauyin shi ne raguwar sinadarin isturojin da ƙwayayen mace ke samarwa. Idan ya yi ƙasa, fatar gaba kan yi siriri ta bushe, barci ya gagara, ƙashi kuma ya fara rauni.

A nan ne wasu ke komawa ga kayan mata na matsi, waɗanda kan ƙara bushewar, har su jawo rauni da kamuwa da ƙwayoyin cuta. Abin da likitoci ke bayarwa shi ne man sauƙaƙa saduwa mai ruwa-ruwa, ko man isturojin na shafawa bayan an duba mace.

Alamar da ba a jinkiri a kanta ita ce ganin jini bayan al'ada ta ɗauke, ko bayan saduwa. Ba al'ada ce ta dawo ba. Yana iya zama alamar sankarar bakin mahaifa, wadda ke bin sankarar mama wajen yawa a tsakanin matan Najeriya, kuma ana warkewa idan aka gano ta da wuri.

Matakin farko shi ne ganin ma'aikaciyar jinya a asibiti mafi kusa, inda za a iya tura mace Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kusa da Zariya. Izinin fita da kuɗin mota kuwa galibi suna hannun maigida, don haka ya wajaba ya saurari iyalinsa idan ta yi ƙorafi.