Kalmarmu ta Yau: Shimfiɗar Ƙasa

Kalmarmu ta yau ita ce shimfiɗar ƙasa. Ku karanta gaɓa-gaɓa: shim-fi-ɗar ƙa-sa. Mu nan Tasawa da Mayahi "shimhiɗa" muke cewa, amma a takarda f ake sawa. Ku lura da lanƙwasar ƙ. In kuka manta ta, kun rubuta kasa, macijiya ke nan.

Kowa ya san shimfiɗa tabarma. To, in mutum ya hau tudu ya duba, sai ya ga ƙasa a baje gabansa kamar tabarma: gonaki, itatuwa, rumbuna, burtali, har inda ido ya tsaya. Wannan duka a haɗe shi ne shimfiɗar ƙasa. Gona ɗaya ba ta isa a kira ta haka ba. Ana cewa: "Shimfiɗar ƙasar Mayahi tana da kyau da damina."

Mai wucewa cikin mota kyan kawai yake gani. Manomi ya fi shi ido. Ga jigawa mai rairayi, inda hatsi ke yi. Ga geza mai ƙarfi. Ga fako, inda ruwa ke gudu bai shiga ba. Ga fadama. Gulbin Kaba da ya ratsa ƙasar Mayahi kuwa, daga kaba ya samo sunansa, ganyen goribar nan da mata ke saƙa tabarma da shi.

Shimfiɗar ƙasa tana sakewa. Bayan farin 1973 da na 1984 gonaki da yawa sun zama fili fetal. Sai manoman jihar Maraɗi suka shiga barin tohon kututture yana girma. Gawo ya dawo.

Ina amfanin sanin waɗannan kalmomi a rubuce? Dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin filaye, wato Kofo, masu ba da takardar gona. Ran saye ko jingina, "wuri mai kyau" ba bayani ba ne. Jigawa ce ko fadama? Burtali yana gabas ko yamma? Ku karanta da idonku kafin ku sa hannu, don kan irin wannan ne maƙwabta ke zuwa gaban sarki.

Aikin wannan mako: kowa ya tsaya bayan gari ya rubuta abu 5 da ya gani. Ku kai wa malaminku.